Na sauya wa wayata babbar manhaja ba tare da cinikin albasa ya tsaya ba

A farkon watan Agustan 2025 cibiyar Calyx da ke Amurka ta sanar cewa za ta dakatar da fitar da sabuntawar CalyxOS, babbar manhajar da ke tafiyar da waya wadda ake sakawa a madadin Android ɗin Google, na tsawon wata huɗu zuwa shida, bayan wanda ya kafa cibiyar, Nicholas Merrill, da jagoran masu gina manhajar sun bar aiki, kuma ana son a sake tsara makullan da ake sa wa manhajar hannu da su. Na karanta sanarwar ne da daddare a gida a Agege, kuma ban yi barci da wuri ba, domin wayar da ke hannuna a lokacin, Pixel 6a ta kamfanin Google, a kan CalyxOS take tun 2023, kuma a cikinta kusan dukkan harkar albasarmu ta kasuwar Mile 12 take. Ni ke riƙe wa yayana lissafi. Ni ke magana da direbobin da ke ɗauko mana kaya daga Aliero, ni ke tura wa dillalai kuɗi, ni kuma ke tabbatar da shigar alat kafin a bar mai saye ya ɗaga buhu. Wayar da ke ɗauke da irin wannan nauyi ba ta kamata ta yi wata huɗu ba a toshe mata ɓarakar tsaro ba, don haka tun a daren na san sai na koma wata babbar manhajar.

Ya kamata in faɗi abin da ya raba ni da Android ɗin da ke zuwa da waya tun farko. A 2022 wani saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba, yana kiran wani ɗan garinmu ɓarawo kuma maci amana, saboda ya ci bashi a wata manhajar ba da rance bai biya a kan lokaci ba. Ba ni kaɗai aka aika wa ba. Duk wanda lambarsa ke cikin wayar mutumin ya samu, har da surukinsa. A shekarar ce hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta fara kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a nan Legas, kuma daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya haramta wa manhajojin rance taɓa lambobin mutane da hotunansu. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda danna maɓalli ɗaya ya miƙa wa baƙo sunayen mutane ɗaruruwa waɗanda ba a nemi izininsu ba. Lambobin da ke wayata amanar masu su ce, kuma ban ga dalilin da zan bar kowace manhaja ta kwashe su don kawai ta nema ba.

Zaɓin da ke gabana bai da yawa. LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, na taɓa amfani da ita a wata tsohuwar waya, kuma tana da kirki wajen raya wayar da kamfaninta ya daina kula da ita. Sai dai a yawancin wayoyi ana barin butloda a buɗe bayan an saka ta, wato ƙofar da waya ke bi ta tashi ba ta da makulli, kuma wanda ya sami wayar a hannunsa yana iya cusa mata abin da ya ga dama. A garin da ake fizge waya a cunkoson Oshodi ban iya amincewa da haka ba. /e/OS ta Gaël Duval, Bafaranshe, a kan LineageOS aka gina ta, kuma tana da sauƙin sha'ani ga wanda bai son wahala, amma ban gamsu da saurin isowar gyaran tsaronta ba. Saura GrapheneOS, wadda Daniel Micay ya faro a 2014 da wani suna daban, ta koma wannan suna a 2019, kuma ba ta shiga kowace waya sai Pixel. Tunda Pixel ce a hannuna, kuma Google ya yi alkawarin ci gaba da gyaran tsaron 6a har zuwa watan Yulin 2027, sai na tsaya a kanta.

A nan ne nake son in daɗe, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. Idan aka ce manhaja ba ta aiki a wayar da aka cire wa Google, abu biyu ne mabambanta ake haɗawa a magana ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Na farko shi ne manhajar da ke buƙatar hidimar Google don ta gudana. Yawancin manhajoji ba su da tasu hanyar sanar da kai cewa saƙo ya iso. Suna miƙa saƙon ga Google ne, shi kuma ya turo shi ta layi ɗaya da yake riƙe da shi a buɗe tsakaninsa da wayarka. Haka ma taswirar da ke cikin manhajojin kiran mota, da gano inda kake tsaye. CalyxOS da /e/OS suna magance wannan da microG, wata ƙaramar manhaja da aka rubuta don ta kwaikwayi hidimomin Google, ta amsa da sunansu idan an kira su. Don ta iya yin haka sai babbar manhajar ta yarda mata ta nuna sa hannun da ba nata ba. Tana aiki sosai a abubuwa da yawa, kuma na yi shekara biyu a kanta, amma kwaikwayo ba ya kama komai, kuma duk lokacin da Google ya sauya wani abu sai an jira masu microG su cim masa. GrapheneOS ta bi wata hanya tun 2021. Tana barinka ka saka Google Play na ainihi, amma a matsayin manhaja kamar kowace, ba tare da ikon da yake da shi a wayoyin kasuwa ba. An sauke shi a zaure ne, ba a shigar da shi cikin gida ba. Idan yana son lambobinka ko inda kake sai ya tambaya, kuma kana iya hana shi. Da wannan tsari sanarwar shigowar kuɗi da taswira da sauransu suna gudana kamar yadda aka saba.

Na biyu shi ne manhajar da ba hidima take nema ba, shaida take nema. Akwai abin da ake kira Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet, kuma aikinsa shi ne ya faɗa wa mai manhaja ko wayar da ke gabansa tana ɗauke da Android ɗin da Google ya amince da shi. Matakinsa uku ne. GrapheneOS tana tsallake na farko, amma ba ta tsallake na biyu, ba don tsaronta ya gaza ba, sai don kawai ba ta cikin jerin waɗanda Google ya ba lasisi. Saboda haka idan banki ya ce sai mataki na biyu, babu izinin da za ka bayar ko maɓallin da za ka danna da zai buɗe maka. Wannan ne ma ya sa biyan kuɗi ta hanyar kara waya da Google Wallet ba ya aiki a kanta, ko da yake wannan bai shafe mu a Mile 12 ba, inda ciniki tiransifa ne da POS da tsabar kuɗi. Abin da ke damuna a tsarin shi ne wayar da ta shekara uku ba ta sami gyaran tsaro ba tana iya wucewa, wadda aka sabunta jiya kuma a tare ta. Android yana da wata hanyar tantancewa da ke dogara da guntun tsaron da ke cikin wayar, wadda za ta ba banki damar gane GrapheneOS ta gaskiya ya karɓe ta, kuma masu GrapheneOS sun daɗe suna kira ga masu manhajoji su koma gare ta. Ina ganin suna da gaskiya, kuma ina fatan masu gina manhajojin bankunanmu da yawansu ke zaune a nan Legas za su duba wannan.

Da na fahimci wannan bambanci sai na ɗauki takarda na rubuta duk manhajojin da cinikinmu ba zai kwana ɗaya babu su ba. Sun kai goma sha ɗaya, biyar daga ciki na kuɗi ne. Matsalar ita ce ba za ka san wace ce a rukuni na farko, wace ce a na biyu ba sai ka gwada, kuma gwaji a wayarka yana nufin ka riga ka goge ta, domin buɗe butloda yana share duk abin da ke ciki, kuma sake kulle shi ma yana sharewa. Wani ƙanena da ke gyaran waya a Computer Village a Ikeja ya ba ni aron wata Pixel 6 da allonta ya tsage, muka saka mata GrapheneOS don gwaji. Ya ce mini, "Yaya, kada ka taɓa taka sai ka yi mako guda kana tura kuɗi da wannan." Shawararsa ce ta cece ni daga asarar da ban hango ba.

Shi ne kuma ya ja hankalina ga wani abu da duk mai niyyar sayen Pixel ta hannu a Ikeja ya kamata ya sani. Da yawan waɗanda ake shigowa da su daga Amurka na kamfanin sadarwa na Verizon ne, kuma waɗannan ba a iya buɗe butlodansu ko kaɗan. Kiran waya da intanet za su yi lafiya da sim ɗinmu, amma ba za a taɓa sauya musu babbar manhaja ba. Kafin ka biya kuɗi, ka haɗa wayar da intanet, ka shiga bayanin waya ka danna lambar ginin manhaja sau bakwai, sannan ka shiga sashen masu gina manhaja ka duba ko maɓallin buɗe butloda yana motsi. Idan ya yi toka-toka ya ƙi dannuwa bayan wayar ta hau intanet, ka ajiye ta. Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu kuwa ba sa cikin wannan magana, domin GrapheneOS ba ta shiga su.

A wayar gwajin, manhajojin kuɗi uku sun buɗe nan take bayan na saka Google Play kuma na sauke su daga cikinsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, saboda wasu manhajoji suna duba ta inda aka sauke su, kuma a CalyxOS ta Aurora Store, wata kasuwar manhajoji da ba ta Google ba, nake saukewa, abin da ya sa ɗaya daga cikinsu ta riƙa ba ni wahala a da. Ta huɗu tana buɗewa sai ta rufe kanta. GrapheneOS tana tsananta yadda manhajoji ke amfani da ƙwaƙwalwar waya don ta kama kurakuran da maharan intanet ke bi, kuma manhajar da aka rubuta da sakaci takan faɗi a wannan shinge. Akwai maɓallin da ke sassauta wannan tsauri ga manhaja ɗaya kaɗai, na kunna mata shi ta daidaita. Ta biyar ta ƙi gaba ɗaya, tana cewa wayata ba ta da aminci. Ita ce ta rukuni na biyu, kuma abin takaici a asusun ne wasu manyan masu sayenmu suka saba turo kuɗi. Na rubuta wa bankin na yi bayani dalla-dalla, aka amsa mini cewa in koma wayar da ba a taɓa ba.

Na yi tunanin rufe asusun, amma yayana bai yarda ba, kuma hujjarsa ta fi tawa. Lambar asusun tana hannun mutane da yawa daga nan har Kebbi, kuma sauya ta a tsakiyar kaka hanya ce ta sa kuɗin wani ya ɓata. Sai muka sayi ƙaramar waya mai araha wadda ba ta ɗauke da komai sai wannan manhaja ɗaya, babu lambobin mutane a ciki, babu hotuna, tana zaune a gida. A kasuwa kuwa da USSD nake duba asusun da tura kuɗi daga gare shi, domin USSD ta layin sim take bi, ba ruwanta da irin babbar manhajar da ke wayar. Duk wanda ya yi ciniki a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san darajar samun hanya ta biyu ta motsa kuɗi.

WhatsApp ne ya fi cin lokacina wajen shiri. A cikinsa akwai muryoyin direbobi suna faɗin yawan buhun da suka ɗauko, da hotunan rasit, da alkawuran bashi da ba a rubuta su a ko'ina ba sai nan. CalyxOS da GrapheneOS duka suna da Seedvault, manhajar ajiye madadin bayanai da ke ba ka kalmomi 12 ka adana, amma ban dogara da ita ba wajen tsallaka daga wannan babbar manhaja zuwa waccan, kuma ko a gida ɗaya manhajoji suna da ikon hana a kwafi bayanansu, bankuna da yawa kuma suna hanawa. Abin da na yi shi ne na yi amfani da hanyar WhatsApp ta tura hira kai tsaye daga waya zuwa waya, wadda ake ɗaukar hoton alamar QR kuma wayoyin biyu su haɗu ta Wi-Fi. Na tura komai zuwa wayar aro, na zauna na buɗe tsofaffin hirarraki na tabbatar muryoyin suna kunnuwa, sannan bayan na gama da tawa na dawo da su. Wanda ya saka wa WhatsApp lambar sirri mai lamba 6 ya tabbatar yana tuna ta kafin ya fara.

Abin da na kusa mantawa shi ne manhajar da ke fitar da lambobin shiga na wucin gadi, waɗanda ke sauyawa kowane daƙiƙa 30. Sirrin da ke haifar da lambobin yana cikin wayar ne kawai, kuma idan aka goge shi ba a fitar da shi ba, imel da sauran asusun da ya tsare sun rufe ke nan. Aegis nake amfani da ita, kuma tana barin a fitar da komai a fayil mai makulli. Na ajiye fayil ɗin a wuri biyu, tare da lambobin mutane da hotuna.

Ranar Lahadi da rana na yi aikin, lokacin da kasuwa ta lafa kuma babu motar da muke jira. Ana saka GrapheneOS ne daga shafinta ta burauza irin Chrome, a haɗa waya da kwamfuta da igiyar USB. Na cika batirin kwamfutar da na wayar tukuna don kada ɗaukewar wuta ta same ni a tsakiya, na kuma sauke fayil ɗin, wanda ya haura gigabait ɗaya, tun da dare. Aikin kansa bai kai rabin awa ba. Na kulle butloda bayan an gama, na kashe maɓallin buɗe shi. Wayar takan nuna gargaɗi mai launin rawaya duk lokacin da ta tashi, cewa tana ɗauke da wata babbar manhaja daban, kuma wannan ba alamar matsala ba ce. Abin da ya ci sauran yinin shi ne bankuna, domin a wurinsu wayar da aka goge sabuwar waya ce. Kowanne ya nemi lambar OTP, wani ya nemi bayanin kati, wani ya sa na juya fuska a gaban kyamara don ya gwada da hoton BVN, ɗaya kuma ya rage mini adadin da zan iya turawa har washegari. Da na yi wannan ranar da mota ke sauke kaya da na ji kunya a gaban direba.

Da farko na raba wayar gida biyu, domin GrapheneOS tana ba da damar buɗe ɓangarori da yawa waɗanda ba sa ganin juna. Na bar babban ɓangaren babu Google, na zuba Google Play da bankuna a na biyu. A takarda tsarin ya yi kyau, amma mako uku na yi na watsar da shi. Mai saye yana tsaye, 'yan dako suna jiran a ce su ɗauka, ni kuma ina sauya ɓangare ina sake saka lambar sirri don in ga alat. Na dawo da komai wuri ɗaya, na buɗe sabon asusun Google da ba ya ɗauke da komai nawa don sauke manhajoji kawai, na hana Google Play ganin lambobi da hotuna da inda nake. Abu ɗaya na ba shi, shi ne izinin ci gaba da aiki ba tare da tsarin tattalin batir ya kwantar da shi ba, domin kafin in yi haka alat yakan makara.

Abin da na fi amfana da shi bayan sauyin shi ne ikon zaɓar wa manhaja lambobin da za ta gani. Tana tambaya, wayar ta nuna mata kamar an ba ta izini, amma ba ta ganin kowa sai waɗanda na ware mata. Haka ma hotuna da fayiloli. Akwai kuma ikon yanke wa manhaja intanet gaba ɗaya, kuma da shi na warware matsalar rubutu. Allon rubutun da ya zo da wayar bai ba ni ƙ da ɗ da ɓ ba, ni kuma ba na son rubuta Hausa babu su. Na saka Gboard, allon rubutun Google, na bar shi ya sauke Hausa, sannan na yanke masa intanet, yana aiki kuma ba shi da hanyar aika abin da na rubuta. Manhajar lokutan salla ma haka na yi mata bayan na saka mata Legas da hannu, domin ban manta rahoton da ya fito a 2020 ba, cewa bayanan wuraren da masu amfani da wata shahararriyar manhajar salla suke sun bi ta hannun dillalan bayanai har sun kai ga masu kwangila da rundunar sojin Amurka. Manhajar kiran mota ta ɗan wahalar da ni a ƙarƙashin rumfunan kwano, inda GPS ke jinkirin kamawa, har sai da na kunna zaɓin gano wuri ta Wi-Fi da turakun sadarwa.

Wayar tana sake tashi da kanta idan ta yi awa 18 ba a buɗe ta ba, kuma daga nan bayanan ciki suna komawa a kulle har sai an saka lambar sirri. Wannan yana da amfani idan an sace ta, amma ba ya kare sim, wanda ɓarawo zai zare ya saka a wata waya ya nemi asusunka ta USSD. Saboda haka na saka wa sim ɗina biyu lambar sirri tun kafin in fara duk wannan, na kuma sa yayana ya yi haka a tasa wayar, duk da cewa shi bai da niyyar sauya komai.

Yanzu manhajoji goma daga cikin sha ɗayan suna aiki a wayar da nake fita da ita, ɗaya tana gida. Kowace sabuntawa da banki ya fitar tana iya mayar da manhajarsa daga rukuni na farko zuwa na biyu ba tare da sanarwa ba, don haka na rubuta lambobin USSD na dukkan asusunmu a bangon littafin lissafi. Na fara tara kuɗin Pixel 8a, wadda ke da alkawarin gyaran tsaro na shekara bakwai har zuwa 2031, domin in sauya kafin watan Yulin 2027, kuma na riga na gaya wa ƙanena ya riƙa duba mini maɓallin butloda a duk wadda ta shigo shagonsu.